Lisans ta samu, saura konkur: abin da ya rataya a wuyan gida da ƙungiya

Jawabin da wani mushen lakwal, ɗan garinmu, ya yi gaban babban taron ƙungiya. Mun buga shi don waɗanda ke nesa su samu.



Iyayenmu dattawa, wakilin mai gari, shugaban ƙungiya da ƴan biro, iyayenmu mata, ƴan uwa da kunka zo daga Yamai, Maraɗi, Damagaram da Tawa, da ku ƴan biɗa da wagga takarda za ta iske a Abijan, Kotonu, Legas ko Aljeriya, muna gaishe ku gaisuwar ban girma. Mun gode da kunka ba yara kamarmu izinin magana gaban manya. In wata kalma ta yi kaifi a yi mamu gafara, son ci gaban gari ne ya kawo ta.

Maganar da ke tafe da mu ta ɗiyanmu ce da sunka gama lisans a jami'a. A gida, in anka ji wane ya samu lisans, sai a yi guɗa, a ce madalla, ya gama karatu, yanzu sai aiki da aiko da kuɗi. Shekara ta zagayo, biyu ta zagayo, yaro na nan zamne a fada shina shan shayi, ko shina kabu-kabu a birni, ko ya bi ku biɗa. Sai a fara cewa karatun boko bai da amfani, har wasu iyaye su janye ƙanana daga hannunmu a lakwal. Wanga abu shi ya dame mu, mu malaman ƙananan azuzuwa, don mu muke ganin bencin da ya zama wofi.

Abin da muke so ku riƙe daga jawabin ga ɗaya ne. Bayan lisans akwai wata ƙofa ƙunƙunta, galibi da konkur ake shigarta, kuma shirin wagga konkur ya fi ƙarfin yaro shi kaɗai. Shina buƙatar takardu daga gida, da watanni na natsuwa, da ɗan kuɗi. Waɗannan duka a hannunku suke.

MATAKALA UKU

Dattawa sun tuna zamanin da mai birbe ke samun aiki tun tawada ba ta bushe ba. Lokacin masu ilimi kaɗan ne. Sai a 1971 anka buɗe cibiyar karatu mai zurfi a Yamai, ta zama jami'a a 1973, anka sa mata sunan Abdu Mumuni a 1992. A 2010 anka yi jami'o'in Maraɗi, Tawa da Damagaram, a 2014 anka ƙara da na Agadas, Difa, Doso da Tilaberi, ga kuma jami'ar Musulunci ta Sayi da masu zaman kansu. Alheri ne babba, amma ya sa masu lisans sun yawaita, ta daina zama abin da ke bambanta mutum da ɗan uwanshi.

Karatun jami'a yanzu matakala uku gare shi. Bayan bak, shekara 3 a samu lisans. A ƙara shekara 2 a samu mastar. A ƙara 3 ko fiye a samu doktora. Matakalar farko faɗi gare ta, ta biyu kuwa gurabenta ƙidayayyu ne. Wani sashe na jami'a shina zaɓe bisa makin da ɗalibi ya samu a shekarunshi uku, wani ya ƙara da jarabawa ko ganawa baki da baki. Manyan makarantun koyon aiki kuwa, konkur ce hanyarsu.

KONKUR DABAN, JARABAWA DABAN

Jarabawa, irin birbe ko bak, kamar rijiya take. Duk wanda igiyarshi ta kai ruwa zai ɗiba, ko mutum dubu ne. Wanda ya samu 10 bisa 20 ya wuce. Konkur kuwa kamar kar ce mai kujeru ƙidayayyu ranar kasuwa. In kujeru 20 ne, mutum na 21 a tasha zai kwana, ko da kuɗin motarshi a hannu. Yaro na iya samun 13 bisa 20 shi faɗi, don wasu sun samu 14. Saboda haka kada a ce wa wanda bai samu ba daƙiƙi ne.

Abu na biyu, darussan ba nauyinsu ɗaya ba. Kowane darasi da adadin da ake ninka makinshi da shi, shi ake kira kofisiyan. Misali, in lissafi ana ninka shi sau 4, wani darasi kuma sau 1, to maki 2 da yaro ya ƙara a lissafi sun zama 8, alhali a ɗayan 2 ne kawai. A wasu konkur akwai kuma makin kora: wanda ya sauka ƙasa da shi a darasi ɗaya ya fita, kome ƙoƙarinshi a sauran. Na uku, mafi yawansu suna da iyakar shekarun haihuwa. Wanda ya ce bari in je biɗa shekara biyu uku in dawo, shina iya dawowa ya tarar ƙofa ta rufe mashi har abada.

Konkur ba baƙuwa ba ce gare mu. Shi Abdu Mumuni da jami'ar Yamai ke ɗauke da sunanshi, haifaffen Tasawa ne a 1929, kuma a 1956 ya ci konkur mai wuyar gaske ta Faransa da ake kira agiregasiyon, a fannin kimiyyar fizik, ya dawo ya yi wa ƙasa aikin hasken rana. Mu ma malaman lakwal, in muna son zama masu ba malamai shawara ko sufetoci, sai mun bi ta konkur.

ƘOFOFIN DA KE AKWAI

A Yamai akwai ENA, makarantar koyon aikin mulki, wadda ke nan tun 1963. Akwai makarantar horas da ma'aikatan shari'a ga waɗanda sunka karanta doka. Akwai ENS cikin jami'ar Abdu Mumuni mai horas da malaman kwaleji da lise. Akwai cibiyar AGRHYMET, da anka kafa a 1974 bayan babban farin da dattawa ba su mance ba, mai koyar da ilimin ruwa, yanayi da noma. A Wagadugu akwai 2iE ta injiniyoyin ruwa da makamashi, a Dakar akwai CESAG ta sha'anin kuɗi da tafiyar da ma'aikatu. Kowace da ƙa'idarta da lokacinta, kuma ƙa'ida na canzawa, don haka sanarwar wannan shekara ita ce abin bi.

Bari mu ɗauki guda mu buɗe cikinta, ku ga kamannin abin. Ita ce konkur ta makarantun ƙididdiga na Afirka, irin su ENSEA ta Abijan, ENSAE ta Dakar da ISSEA ta Yawunde. Mai lisans a lissafi ko a tattalin arziki na iya zama don shi fito injiniyan ƙididdiga bayan shekara 3. A nan ƙasar, ma'aikatar ƙididdiga ta ƙasa, INS, ita ke karɓar takardu. Galibi cikin watan Afrilu ake rubuta ta, tsakiyar zafin bazara. Tambayoyi ɗaya ne, rana ɗaya, a ƙasashe da yawa, har ɗanmu na gogayya da ɗan Kamaru, ɗan Senegal da ɗan Benin da bai taɓa gani ba. Akwai lissafi, akwai rubutun sharhi a kan wata matsala ta duniya, ga masu lissafi akwai taƙaita dogon rubutu cikin kalmomi ƙidayayyu, ga masu tattalin arziki akwai fassara alƙaluma. Takarda ɗaya na cin awa uku ko huɗu a zamne. Tambayoyin shekarun baya da amsoshinsu suna nan kyauta a intanet.

TAKARDU: AIKIN GIDA NA FARKO

Hausawa sun ce ba a fafe gora ranar tafiya. Yara da dama sun faɗi konkur tun ba su riƙe bik ba, don dosiyensu bai cika ba ranar rufewa. Abin da aka saba nema shi ne takardar haihuwa ko hukuncin alƙali da ke maye gurbinta, takardar zama ɗan ƙasa, kaziye mai shaida mutum bai da laifin shari'a, kofen bak da na lisans da takardun maki masu hatimin hukuma, hotuna, wani lokaci da takardar likita, da tambur da kuɗin rajista.

Kaziye a gidan shari'a na yankin da anka haifi mutum ake karɓarta, kuma wata 3 kawai take aiki. Yaro na Yamai, takarda na nan kusa da mu. In ya taso da kanshi ya ci kuɗin kar zuwa da komawa da kwanakin karatu. In akwai mutum ɗaya amintacce a gida da ya san ƙofar, an huta. Kada kuma a karɓe ta da wuri ta mutu kafin ranar ajiye dosiye.

Babbar matsalar ita ce suna da ranar haihuwa. Takardar haihuwa ta ce Mahamadu, birbe ta ce Mahaman, bak ta ce Mamman, ko shekarar nan ta saɓa da ta can. Gare mu mutum ɗaya ne, ga mai duba dosiye mutum uku ne. Gyara na bi ta hannun alƙali, kuma shina ɗaukar lokaci. Muna roƙon kowane uba da ɗanshi ke jami'a, in ya zo hutu, a shimfiɗa takardun nan duka bisa tabarma a kira mai karatu a gwama su baƙi da baƙi. Ku kuma masu jarirai, ku yi masu takardar haihuwa tun cikin kwanakin suna, ku kawo mamu ita ranar sa yaro aji ɗaya, don sunan da anka rubuta ranar nan shi zai bi shi har doktora.

ZUWA GA ƘANNENMU MASU SHIRI

Yanzu da ku muke, iyaye na saurare don su san abin da za su tambaye ku.

Na ɗaya, ku zaɓi konkur ɗaya, in ta yi yawa biyu masu kama da juna. Ku nemi sanarwarta ku karanta da kanku, kada ku dogara da abin da anka turo a WhatsApp. Ku rubuta darussa, da kofisiyan ɗin kowane, da iyakar shekaru, da ranar rufe dosiye, ku manna a bango.

Na biyu, ku tara tambayoyin shekarun baya, na shekara biyar zuwa goma in sun samu. Tun makon farko ku ɗauki guda ku yi ta ba tare da buɗe littafi ba. Makin zai yi muni, ba kome. Shi zai nuna maku inda ramin yake, ku san inda za ku zuba ƙasa. In kunka jera tambayoyin za ku ga wasu babi na dawowa kusan kowace shekara, da su za ku fara.

Na uku, ku ba shirin wata 6. Wata uku na farko ku koma kan darussa, ku fi ba mai nauyi lokaci, amma kada ku yar da wanda kuke tsoro, don nan makin kora ke laɓewa. Wata biyu na biye ku yi ta aikin tambayoyi. Wata na ƙarshe bita ce da hutu. Awa huɗu ko biyar kowace rana sun fi kwana biyu ba barci sannan mako guda ba kome. Da asuba kai ya fi sanyi, kuma hasken rana bai ɗaukewa kamar wutar lantarki.

Na huɗu, sau ɗaya a mako ku yi konkur ta gwaji. Ku zamna bisa benci, agogo a gabanku, salula a kashe, ba tashi har awa huɗu ta cika. Ku rubuta da hannu, don hannun da ya saba da latsa salula na gajiya tun shafi na uku. Nan za ku koyi raba lokaci: ku karanta tambayoyi duka tukuna, ku fara da wadda kunka fi iyawa, kada ku maƙale ga guda, ku bar minti goma sha biyar na ƙarshe don duba kurakurai.

Na biyar, ku nemi mai gyara. Mutum bai ganin ƙeyarshi. Ku haɗu ku uku ko huɗu masu konkur ɗaya, kuna musayar takardu, kuma ku nemi malamin lise ko wanda ya taɓa cin wannan konkur shi sa maku jan bik ba tare da jin kunyarku ba. In taron ya wuce mutum huɗu, ya koma fada.

Na shida, Faransanci. A 2025 hukuma ta ce Hausa ce harshen ƙasa, Faransanci da Ingilishi kuma harsunan aiki. Mun yi murna, amma takardun konkur ɗin nan da Faransanci ake rubuta su, kuma mai gyara na rage maki ga kowane kuskure. Rubutun sharhi tsari gare shi: gabatarwa da ke faɗin matsala, ciki mai kashi biyu ko uku kowane da hujja da misali, sannan kammalawa. Ku kashe kusan awa guda kuna tsara shi a takardar gwaji kafin ku fara kwafewa. Gajerun jimloli masu tsabta sun fi manyan kalmomin da ba ku da tabbacin ma'anarsu. Taƙaita rubutu kuwa, kowace rana ku ɗauki labari ɗaya na jarida ku mai da shi kashi ɗaya cikin huɗu da kalmominku, ku ƙidaya.

Na bakwai, sanin ƙasa da duniya. Ku saurari labarai, ku karanta jaridar Le Sahel, ku ajiye kaye guda don shekaru da alƙaluma. Ya kamata ku iya magana a kan yuraniyom na Arlit da anka fara haƙa a 1971, da matatar man Damagaram ta 2011, da bututun man Agadem zuwa gaɓar tekun Benin da ya fara aiki a 2024, da madatsar ruwan Kandaji, da ƙawancen ƙasashen Sahel na 2023. Kada kuma ku raina abin da kunka sani daga gida. In anka tambayi sha'anin hamada, ku kun ga yadda manoman Maraɗi da Damagaram ke barin kututturan gawo da sabara su sake toho cikin gona har ƙasa ta farfaɗo. In anka tambayi ƙaura, ku ɗiyan ƴan biɗa ne. Ɗan birni a littafi ya karanta waɗannan.

MASU DUBAN ƘASASHEN INGILISHI

Wasu cikinku na tunanin mastar a Najeriya, Sakkwato, Katsina, Kano ko Zariya, wasu Gana, wasu har Amurka. Nan Ingilishi ne mabuɗi. Jami'o'in Amurka kan nemi TOEFL, mai auna Ingilishin baƙo, wadda sakamakonta ke aiki shekara 2. Wasu na ƙara neman GRE, wadda ke aiki shekara 5. A kwamfuta ake yin GRE, kuma tun 2023 an rage ta ba ta cika awa biyu ba. Kashi uku gare ta: fahimtar Ingilishi, lissafi, da rubutun sharhi. Biyun farko makinsu daga 130 zuwa 170 ne, na ukun daga 0 zuwa 6. Lissafinta bai wuce na lise ba, ƙarancin lokaci da harshen ne wahalar. Ba a rage maki don amsa ta yi kuskure, don haka ba a barin tambaya wofi. Da dalar Amurka ake biya, kuɗi ne masu nauyi, kuma jami'o'i da yawa sun daina tilasta ta. Kada wanda ya biya sai ya tabbatar makarantar da yake so na nemanta, ya kuma bincika sha'anin biza da na tallafin karatu.

ABIN DA MUKE ROƘON IYAYE

Iyayenmu, kun ji wata 6. Abin da ya fi kuɗi tsada a shirin ga shi ne ku bar yaro shi zamna. In kunka ga ɗanku ƙarƙashin itace da littafi, aiki yake, kamar mai huɗa a gona. Kada shi zama ɗan aike na kowa: kai wane asibiti, raka wance biki, je ka rubuta wa wane wasiƙa. Kada kowace safiya shi ji ana cewa ɗan wane da bai yi boko ba ya aiko da buhu biyu. Wagga magana ita ke tura yaro tasha ana saura wata biyu konkur. In shirin ya faɗo da damina, a yi mashi gayya ta ɗauke rabonshi na noma. In ya faɗo da rani, ku ƴan biɗa kada ku kira shi ku ce ga wurin aiki ya samu, ku bari sai ya rubuta.

Ɗiya mace kuwa nauyinta biyu ne. Ita ke daka, ita ke ɗiban ruwa, ita ke girki, in tana da aure ga goyo ga miji. Iyayenmu mata, ku kuka san yadda ake ɗauke wa mai jego aiki kwana arba'in ba tare da gida ya kwana da yunwa ba. Ku yi wa mai konkur irin wannan. Ku mazajensu, ku ba da izini tun da wuri, ku raka ta ko ku sa a raka ta birni. Iyaye masu shirin aurar da ita, a sa ranar bayan konkur, kuma a yi maganar ci gaban karatunta da dangin miji tun kafin a ɗaura. Iyaka ta shekaru ba ta jiran a yaye yaro.

Akwai kuma masu zuwa da dare su ce suna da hanya, a ba su jika kaza su sa sunan yaro, ko su sayar da tambayoyin da za su fito. Kada ku sayar da gona ko saniya saboda su. Mafi yawa ƴan damfara ne: in yaro ya ci da ƙoƙarinshi su ce aikinsu ne, in ya faɗi su ɓace. An taɓa soke konkur ɗungum a ƙasar ga saboda maguɗi, kuma wanda anka kama na iya rasa damar sake zama, ga kunya ga shari'a. Addu'arku muke so, ita ce taku gudummawa da ba ta da kamar ta, yaro kuma shi riƙe littafi.

In sakamako ya fito babu sunanshi, ku tarbe shi da fuska sake. Da yawa cikin waɗanda sunka ci, a zama na biyu ko na uku ne. Shi duba inda ya gaza, shi samu ɗan abin yi da zai bar mashi lokaci, koyarwa ko sitaj, shi sake shiri tun shekaru ba su wuce ba.

SHAWARWARI GA ƘUNGIYA

Hannu ɗaya bai ɗaukar jinka. Ga abin da muke kawowa gaban taro, a duba, a gyara.

1. A buɗe kaye guda da sunan kowane ɗan gari da ke shekara ta biyu da ta uku a jami'a, mace da namiji, da fanninshi da shekarar haihuwarshi, don a san wanda lokaci ke kora.

2. A naɗa mutum ɗaya a gida mai kula da takardu, ɗaya kuma a Yamai mai bin sanarwar konkur da ta ma'aikatar ANAB mai ba da tallafin karatu, shina sanar da kowa ranar da ta fito.

3. A ware asusu na musamman. In mutum 100 cikinmu sunka ba da dala ɗari-ɗari kowane wata, jika 50 ke nan a wata, jika 300 cikin wata 6. A biya da shi tambur, rajista, kwafin takardu da kuɗin kar, a rubuta kowane dala, a karanta lissafin gaban taro. Ƴan biɗa su aiko da nasu da sunan asusun.

4. Mazauna birni masu ɗaki su sauki mai konkur mako biyu kafin ranar, a ba shi wurin da babu hayaniya, a nuna mashi wurin jarabawar tun jajibiri, a tashe shi da wuri da katin shaida da takardar kira a hannu. Mata a sauke su gidan iyali.

5. Mu malamai, na lakwal da na kwaleji, mun ɗauki alkawarin buɗe aji guda lokacin hutu don konkur ta gwaji, da tsaron agogo, da gyaran Faransanci, kyauta, in darakta da iyayen yara sun yarda.

6. Wanda ƙungiya ta taimaka ya ci, shi ajiye littattafanshi da tambayoyin da ya tara a hannun sakatare, kuma shi ɗauki ƙane ɗaya shi gyara mashi takardu shekara mai zuwa. In ya fara albashi shi mai da abin da anka kashe mashi cikin asusu.

Muna roƙon shugaba shi sa waɗannan shida cikin abin da za a yanke yau kafin a watse, a kuma faɗi sunayen mutum biyun da za a naɗa, don sanarwar konkur ta kan fito ba zato, kuma kwanakin ajiye dosiye kaɗan ne. Ku da ke nesa, ku aiko da ra'ayinku ga sakatare kafin taro na gaba.

 Allah shi ƙara wa dattawa lafiya, shi ba ɗiyanmu sa'a, shi mai da matafiya gida lafiya.